Wasiƙa Daga Houston: Gidan da Babu Bango Tsakanin Falo da Kicin

Yaya, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali, da Inna, da sauran mutanen gida baki ɗaya. Zanen gidan da kake shirin ginawa a filinka na Gesse a Birnin Kebbi ya iso mini ta WhatsApp, kuma mun zauna mun dube shi a tsanake ni da maigidana. Na ga mai zanen ya haɗe falo da wurin cin abinci da kicin wuri guda, babu bango babu ƙofa a tsakaninsu, ka kuma ce ya shaida maka cewa haka ake yi yanzu a Amurka. Gaskiya ya faɗa, domin a irin wannan gida nake zaune yau shekara shida a birnin Houston na jihar Texas. Tun da ka nemi shawarata kafin a haƙa harsashi, zan gaya maka abin da idona ya gani, mai daɗi da marar daɗi, domin tun ran gini tun ran zane.

Idan ka turo ƙofar gidanmu daga waje, a cikin falo ƙafarka za ta fara sauka. Daga inda kake tsaye za ka hangi kujeru da talabijin, ka hangi teburin cin abinci, ka hangi murhu da firji da wurin wanke-wanke, har zuwa ƙofar gilashi ta baya mai fita ɗan filin ciyawa. Abin da ya raba kicin da falo bai wuce wata doguwar kanta mai shimfiɗar dutse ba, wadda ke tsaye ita kaɗai a tsakiya, suna kiran ta tsibiri saboda ana zagaya ta ta kowane gefe. Ɗakunan kwana da banɗakuna ne kaɗai ke da ƙofofi.

Su ma Amurkawan ba haka suka taso ba. Tsofaffin gidajensu ɗaki-ɗaki ne, kowane da ƙofarsa da wurin hura wutarsa, kicin kuwa yana can baya inda baƙo ba ya gani. Mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright yana cikin na farko da suka fara rage bangaye, kamar yadda ya yi a gidan Robie da aka kammala a Chicago a 1910, inda falo da wurin cin abinci suka zama dogon ɗaki guda da wurin hura wuta kawai a tsakaninsu. Salon ya bazu bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka riƙa gina dubban ƙananan gidaje a bayan gari, na'ura guda ta soma ɗumama gida baki ɗaya, masu aikin gida suka yi wuyar samu, uwargida ta koma ita ke girki ita ke reno. Wato buƙatarsu ce ta haifar da tsarin, kuma wannan ne abin da nake so ka riƙe a zuciyarka kana karanta sauran bayanin.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da nake so ƙwarai a wannan gida. Haske yana ratsa shi daga gaba har baya, ba ma kunna fitila da rana, kuma gidan da ba shi da girma sosai sai ka gan shi da faɗi. Abin da ya fi wannan a wurina shi ne yara. A nan ba ni da kishiya ko ƙanwa ko 'yar riƙo da za ta duba mini su, saboda haka idan ina yanka albasa a kan kantar nan, idona yana kan ƙaramin yana rarrafe a kan darduma, kunnena kuma yana kan babbar tana biya karatunta na Alƙur'ani, in ta yi kuskure in gyara mata ba tare da na ajiye wuƙa ba. Da azumi, idan matan da muke zumunci da su suka zo buɗa-baki, mu goma muna iya tsayawa kewaye da kanta, wata na soya ƙosai, wata na dama kunu, hira ba ta yankewa. Macen da ke ita kaɗai a baƙuwar ƙasa ta san darajar wannan.

Sai dai tukunyarmu ba irin tasu ba ce. Yawancin girkin maƙwabtana a cikin tanda yake, ko kuwa su ɗumama abin da suka sayo a dafe. Ni kuwa ranar da na fara soya manja da albasa da attaruhu, na zuba daddawa da busasshen kifin Yawuri da Inna ta aiko mini, ko minti goma ba a yi ba ƙararrawar hayaƙi da ke manne a silin ta ɗauki ƙara, yara suka firgita, na buɗe ƙofar gaba da ta baya ina kaɗa tawul. Bayan kwana uku ƙanshin miyar yana nan a kujeru da labule da rigunan makarantar yara. Da muka bincika sai muka gano cewa na'urar zuƙe hayaƙin da ke saman murhunmu ba ta da bututun fita waje, tace iskar kawai take yi ta mayar da ita cikin ɗaki, kuma gidaje da yawa haka suke. Shi ya sa za ka tarar da 'yan Najeriya da Indiyawa da dama sun mayar da suya gareji ko bayan gida, masu hali kuma suna gina ƙaramin kicin na biyu mai ƙofa a bayan babban, a yi ainihin girki a can, na gaban ya zama na ado. Ka duba wannan da kyau, Yaya: mutanen da suka rushe bangon su ne suke biyan kuɗi a sake gina musu shi ta baya.

Ƙara ma haka take. Idan na kunna injin markaɗe, mai kallon labarai ba ya jin komai. A shekarar 2020, da annobar korona ta zaunar da kowa a gida, maigidana yana aiki ta kwamfuta, yara suna darasi ta intanet, ni ina girki, duk a ɗaki guda, har ta kai shi ga shiga mota ya rufe gilashi idan zai yi magana da wurin aikinsa.

Amma abin da ya fi damuna, wanda kuma ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne maganar baƙi. Gidan nan ba shi da zaure. Mai kawo saƙo idan ya ƙwanƙwasa aka buɗe masa, ya ga cikin gida har tukunyar da ke kan wuta. Idan abokan maigidana suka zo gaisuwa, zaɓi biyu gare ni: ko in saka hijabi in ci gaba da tuƙa tuwo a gabansu cikin zafin murhu, ko in sauke tukunya in shige ɗakin kwana har su tafi. Su ma baƙin ba su sakewa, domin ɗan gidan mutunci ba ya son zama inda yake ganin matar abokinsa tana kai da kawowa. Amurkawa wannan bai dame su ba, saboda baƙonsu sai ya yi waya an sa rana da lokaci, kuma idan ya zo a kicin ɗin ma ake tarbarsa. Gidanka kuwa a Birnin Kebbi yake. Tun daga sallar asuba har bayan isha'i ƙofarka ba ta rabuwa da mutane: masu gaisuwa, da 'yan uwa daga Kalgo da Jega da suka shigo asibiti ko kasuwa, da almajirai, da dattawan unguwa masu kawo goron ɗaurin aure. A zanen da ka aiko, duk wanda aka yi wa iso zai zauna ne yana fuskantar uwargidanka da murhunta.

Ka tuna gidan da muka tashi. Daga waje sai zaure, inda Baba, Allah ya jiƙansa, yake karɓar baƙi. Daga zaure sai ƙofar gida, sai shigifa, kuma ƙofofin ba su kallon juna, don haka wanda ke waje ba ya hango ciki. Bayan nan ne tsakar gida take, inda ake daka, ake girki, ake shanya, yara na wasa, Inna tana zaune a rumfa tana ganin kowa. Duk abin da na yaba a gidan Amurka, na haɗuwar iyali da sa ido a kan yara, muna da shi a tsakar gida tun kaka da kakanni, har ma da ƙari, domin rufinta sararin sama ne, hayaƙi da ƙauri suna tashi su tafi. Abin da gidan Amurka ya rasa shi ne matakan nan da ke tsakanin titi da iyali.

Sai maganar sanyi, wadda hoto ba ya nunawa. Babban ɗakin nan yana zaunuwa ne saboda na'ura guda da ke tura iska mai sanyi ta bututu zuwa ko'ina a gidan dare da rana, bangaye da rufi an cusa musu abin hana zafi shiga, tagogi kuma gilashi biyu-biyu ne. Ba ka da ikon sanyaya kusurwar da kake zaune kaɗai, sai dai ka sanyaya duka, kuma kuɗin wuta a watannin zafi yana nuna hakan. Ranar 8 ga Yulin 2024 guguwar Beryl ta afka wa yankin Houston, gidaje da shaguna fiye da miliyan biyu suka rasa wuta, wasu har sama da mako guda. Kafin la'asar falonmu ya zama kamar tanda, domin ba a gina shi don iska ta ratsa ba. A Fabrairun 2021 kuwa, da tsananin sanyi ya durƙusar da wutar jihar Texas, ɗakin kwana mafi ƙanƙanta muka shige mu duka, muka toshe ƙasan ƙofa da bargo, falon ya gagari zama. To, ka auna wannan da Birnin Kebbi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, wuta kuma tana zuwa tana tafiya. Ƙaramar na'ura guda tana isar ɗaki mai ƙofa, sola da batura ma suna iya ɗaukar ta na ɗan lokaci, amma babban ɗakin da ya haɗa falo da murhu mai ci zai buƙaci biyu ko uku, su kuma sai babban janareta. Da hunturu kuma, ƙurar da ta shigo ta ƙofar gaba ba abin da zai tare ta har kan kwanonin abinci.

Game da kayan gini da ma'aikata, lissafinmu da nasu a juye yake. Gidajen nan da katako ake kafa su, a rufe da allunan farar ƙasa, ba su da nauyi, kuma katakon rufi a masana'anta ake haɗo shi yadda zai ratsa faɗin ɗaki ba tare da ginshiƙi ba. Idan ka shiga manyan shaguna irin su Home Depot ko Lowe's, ƙofa da taga da kabad duk awonsu ɗaya ne da na ko'ina, ka saya ka ɗauka, in bai yi ba ka mayar da rasit a ba ka kuɗinka. Wannan tsari ya burge ni, kuma ina fatan ganin irinsa a gida. Hannun ma'aikaci ne ke da tsada ƙwarai, sannan mai son cire bangon da ke ɗauke da nauyin gini sai ya nemi izinin hukuma, injiniya ya lissafa ƙarfen da zai maye gurbinsa. A wurinmu siminti da rodi ne ke cin kuɗi, magini da kafinta kuwa suna da sauƙi, kafinta ma zai yi maka ƙofa daidai yadda kake so. Na ga zanenka bene ne. Dekin kankare a kan ɗaki mai wannan faɗi yana son bim, wato ginshiƙin kwance mai ɗaukar nauyin deki, mai kauri da rodi mai yawa, saboda haka abin da ka rage na bulo zai koma cikin ƙarfe, wataƙila har ya ɗara. Don Allah kada ka bari a yi wannan lissafi da ido, ka sa injiniya mai rajista ya yi shi a rubuce.

Akwai kuma kuɗin da ba a faɗa. Kicin ɗin da kowa ke gani dole a ƙawata shi kamar falo, da kabad masu kyau da kanta ta dutse da injin wanke kwanoni da ke ɓoye ƙazanta. Turmi da taɓarya, da buhun shinkafa, da tukunyar da gawayi ya baƙanta ba su da mazauni a cikinsa. Ga kuma tukunyar gas a ɗaki ɗaya da kujerun soso. A nan ma 'yan kwana-kwana kullum gargaɗi suke a riƙa rufe ƙofofi da dare, domin ƙofa a rufe tana jinkirta wuta da hayaƙi.

Da ni ce, Yaya, zan ce wa mai zanen ya fitar da falon baƙi daban a gaba, da ƙofarsa ta waje da banɗakinsa, ƙofar da ke shiga ciki kuma kada ta kalli ta waje. Falon iyali da wurin cin abinci a bar su a haɗe, tagoginsu na fuskantar juna don iska, a nan ne za ku more hasken da faɗin da na ambata. Kicin a ba shi bango da ƙofa, amma a buɗe masa babbar taga mai murfi ta wajen falon iyali, uwargida ta buɗe idan tana son ganin yara, ta rufe idan za ta yi suya. A baya kuma a bar tsakar gida ko da ƙarama ce, da rumfa da murhun gawayi saboda girkin suna da na Sallah.

Kafin ka yanke shawara, ka ba uwargidanka wannan takarda ta karanta, ka kuma saurare ta, tun da ita ce za ta wuni a wurin. Idan mai zanen ya gyara, ka turo mini sabon in sake dubawa kafin a sayi rodi. A gaishe mini da Inna, a ce mata kifin ya kusa ƙarewa.

Wassalam, ƙanwarka.