Ofishin adbaiza na jami'armu a Amurka, tauraro 4 cikin 5 na ba su

Salam 'yan uwa. Tun da na ɗora hoton bikin ba da lambar yabo da aka yi a makarantarmu cikin watan Afrilu mutane ke ta tambayata wai wace ce wannan dattijuwar baturiyar da na tsaya kusa da ita ina ta washe baki kamar ni aka ba kyautar. To ba malamata ba ce, ko harafi ɗaya ba ta taɓa koya min a aji ba. Adbaizata ce, kuma ita ce ta ci kyautar gwarzuwar mai ba ɗaliban digirin farko shawara ta bana. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda na ga aikin ofishin nasu gaba ɗaya, da daɗinsa da ɗacinsa, ko zai amfani masu shirin zuwa. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, jami'ar gwamnati ce dai a tsakiyar ƙasar, wajen da sanyi ke sa mutum ya tuna duk zunubansa.

Ga wanda bai san adbaiza ba, abu mafi kusa da shi a wajenmu shi ne lebul kodineta. Bambancin kawai shi lebul kodineta lakcara ne da aka jibga wa ƙarin aiki a kan lakca da makin takardu da duba furojet, in ka same shi a ofis ka sa hannu ka gode Allah. Nan kuwa akwai mutanen da aikinsu ke nan, albashinsu a kai yake, su zauna da kai su duba kwasakwasan da za ka ɗauka, me ya rage maka, me zai hana ka gamawa a kan lokaci. Har ƙungiya suke da ita mai suna NACADA wadda aka kafa a 1979, hedikwatarta na jami'ar Kansas State, ita ma tana raba nata kyaututtukan. Ni da farko dariya abin ya ba ni, wai ba da shawara ma sana'a ce.

Na yi shekara biyu a jami'a a gida kafin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ɗin nan mai wata takwas ya sa Baba ya ce a nemo wata hanya. Da na iso a watan Agusta na ɗauka duk karatun da na yi zai biyo ni, ashe ba haka ba ne, digiri a nan kiredit 120 ne ko kusa da haka (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas), kuma da na buɗe shafina na ga abin da suka karɓa daga takarduna cikina ya ɗuri ruwa, kusan rabi sun zubar. Haka na shiga ofishinta rai a ɓace. Ƙaramin ɗaki ne, kujera biyu, tukunyar fure a taga da kwanon alawa a kan tebur. Ta saurare ni har na gama zuba, sannan ta ce kana da takardar da ke nuna abin da aka koya muku a kowane kwas, mako bayan mako? Na ce sai dai in nema. Sai da na yi sati biyu ina damun abokaina a WhatsApp suna ɗauko min hotunan tsofaffin handawut, ita kuma ta dinga tura su sashe sashe tana bi da imel, ƙarshe aka dawo min da kwas huɗu. Wanda ya san kuɗin kiredit ɗaya ga ɗalibin ƙasar waje zai gane kwas huɗu ba wasa ba ne, kuɗin fili ne a wasu unguwannin.

Amma abin da ya sa na rubuta wasiƙar tsayar da ita takarar kyautar nan daban ne. Zangon farko kwas ɗin lissafi na kalkulas ya kama ni da kokawa ya kayar, jarrabawar tsakiyar zango na ga makin da ban taɓa gani ba a rayuwata. Wani ɗan ajinmu ɗan ƙasa ya ce min ai ba komai, ka janye kawai, harafin W za su sa maka ba zai taɓa GPA ɗinka ba. Na ji daɗin shawarar nan sosai. Allah ya taimake ni tsarin ya ƙi bari in janye sai na ga adbaiza, na je ina ta ƙunƙuni a raina wai sun cika ɓata wa mutum lokaci. Ina faɗa mata ta juyo da fuskar kwamfutar wajena ta ce ƙirga min, kiredit nawa kake ɗauke da su? Na ce 14. Kalkulas nawa ne? Na ce 4. Ta yi shiru tana kallona. Ni ban ma gane ba sai da ta ce mai bizar ɗalibai ta F-1 a digirin farko dole ya riƙe aƙalla 12 a kowane zango, in ya sauka ƙasa da haka ba da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje ba to zamansa a ƙasar ya shiga matsala, kuma izinin kafin a janye ake nemansa ba bayan an janye ba. Shi abokina ɗan ƙasa ne, dokar ba ta shafe shi ba, bai ma san da ita ba. Wallahi zufa ta keto min a cikin wannan sanyin. Dannawa ɗaya ta rage in jefa kaina a rami.

Ba ta tsaya nan ba, ta ɗauki waya ta kira cibiyar da ake koyar da lissafi kyauta ta sa aka ba ni lokaci, ta ce kuma in je wajen malamin a awannin da ya ware na ganin ɗalibai. Na ce mata ni kunya nake ji, a wajenmu ba a faɗa wa ofishin farfesa haka kawai. Ta ce ai zaman jiranka yake, biyansa ake ya zauna. Na fita da C a kwas ɗin, ban taɓa son harafin C ba sai ranar.

Wani abu kuma ƙarami da ya tsaya min a rai, sau ɗaya tak na faɗa mata ina zuwa masallaci ranar Juma'a da rana. Tun daga nan duk lokacin da muka zauna tsara jadawali sai in ga ta riga ta toshe wannan lokacin, da azumi ya zo cikin Maris kuma ita ta tuna min in nemi lab na safe kada na yamma ya ci min buɗa baki. Har yau dai na kasa kiranta da sunanta gatsau yadda take so, matar da ta kai sa'ar Hajiyarmu, bakina ba zai iya ba. Madam nake ce mata, ta gaji ta ƙyale ni.

To yanzu ga inda tauraro ɗaya ya faɗi. Ita mutum ɗaya ce, ofishin kuma ba ita kaɗai ba ce a ciki. Minti talatin ake ba ka, a intanet ake kama layi, lokacin rijista in ba ka yi sammako ba sai ka ga babu gurbi sai bayan sati uku, alhali sun sa wa shafinka takunkumi ba za ka iya rijistar ba sai ka gan su, kafin ka gan su kuma kujerun ajin da kake so sun ƙare. Wannan wace irin dabara ce dan Allah? Ta taɓa faɗa min ɗaliban da ke hannunta sun haura ɗari uku. Da ta tafi hutun jinya aka haɗa ni da wani matashi, ba shi da wulaƙanci ko kaɗan, fara'a kamar gonar auduga, amma allo kawai yake karantawa. Ya ce min in bar wani kwas sai zango mai zuwa, ashe kwas ɗin sau ɗaya ake yin sa a shekara, kuma sai ka ci shi za a bar ka ka ɗauki biyu da ke gabansa. Kuskuren minti biyar ya tura min abubuwa gaba da zango guda cur. Da na koma yin ƙorafi haƙuri aka ba ni mai yawa, da murmushi, amma haƙuri ba ya biyan kuɗin haya.

Shi ya sa nake cewa kada allon yabon da ke rataye a bango ya ruɗe ku. Mutum ake ba kyautar nan, ba ofis ba. Kuma abin haushi tun da aka sanar da sunanta kowa ita yake so, waɗanda ba nata ba ma suna neman a mayar da su wajenta, mu 'yan asali yanzu ganinta ya fi da wuya. Wato ladan iya aiki shi ne a ƙara maka aiki.

Yadda ake zaɓen ma na ɗan leƙa tunda na shiga ciki. Ɗalibai da abokan aiki ne ke tsayar da mutum, a rubuta wasiƙu, a haɗa da takardun da muke cikewa a ƙarshen zango muna auna malamai, sai kwamiti ya zauna ya tace. Ni wasiƙata shafi ɗaya da rabi ce, labarin kiredit 14 ɗin nan na bayar kawai ba ƙari. Da nake neman samfurin yadda ake rubutawa ne na gano ashe abin ya zama al'ada a jami'o'insu. Jami'ar Minnesota tana da ta koyarwa mai sunan Horace T. Morse da ta ba da shawara mai sunan John Tate. Jami'ar MIT na da ta koyarwa mai sunan Margaret MacVicar wadda ake riƙewa har shekara goma. Jami'ar Baylor da ke Texas kuwa tata mai sunan Robert Foster Cherry dala 250,000 ce, kuma malaman wasu jami'o'i ake ba. Tamu dai ba ta kama ƙafar wannan ba, ɗan allo ne na katako da ɗan abin sawa a aljihu da shayi da biskit bayan taro.

Ɓangaren koyarwa ma na gwada, don da gangan na ɗauki ajin wani farfesan kididdiga saboda na ga ya taɓa cin kyautar koyarwa. Mun fi mutum ɗari a ajin amma kafin sati na huɗu ya san sunayen yawancinmu, nawa ma ya tsaya ya tambaye ni yadda ake furta shi daidai, ya maimaita sau uku har ya kusa. Ranar farko da buhun tsabar kuɗi ya shigo ya raba mana ya ce kowa ya jefa sau hamsin ya rubuta abin da ya samu, muka tara a allo, kafin ya rubuta ƙa'ida ko ɗaya mun riga mun ga siffar abin da idonmu. Yabon gwani ya zama dole, mutumin ya iya. Sai dai fa jarrabawarsa ba sani ba sabo, na sha wuya, kuma a shafukan da ɗalibai ke ba malamai tauraro ba shi ne a sama ba, masu sakin maki ne a can. In kana neman A ta ɓagas kada ka bi jerin masu lambar yabo, za ka yi kuka. Abin da ya ɗan dame ni kuma, mai koya mana rubutu a shekarar farko malama ce ta kwantiragi, aji biyar take ɗauka, ofis ɗaya suke rabawa su huɗu, ta fi kowa jan biro a kan takarduna, amma ban taɓa jin an ambaci sunanta a wani biki ba. A manyan jami'o'in bincike har yanzu wallafa takardu ne ke kai mutum sama, kamar dai yadda lakcarorinmu na gida ke faɗa, koyarwa a tafa maka ne a watan Afrilu.

Af, na kusa mantawa da Baba. Da sakamakon zangon farko ya fito ya ce in ba shi lambar makarantar zai ji daga bakinsu, ya sa ƙanina ya rubuta musu imel da turanci mai kyau. Amsa ta dawo cewa ba za su iya faɗa masa komai ba sai da izinina a rubuce, akwai dokar FERPA ta 1974 da ta kare bayanan ɗalibi. Ya kira ni cikin dare ya ce kai, ni da nake biyan kuɗin ne sai ka ba ni izini? Na ce Baba wallahi ba ni na kafa dokar ba, ka yi haƙuri gobe zan cike fom ɗin. Da na ba Madam labari ta yi dariya har da share hawaye, ta zaro fom ɗin daga durowa ta miƙo min, ta ce amma ka fara kiransa ka faɗa masa zancen C ɗin da bakinka kafin ya gani a takarda.

Wanda zai zo, ranar da aka buɗe kama layi ka kama naka ko da ba ka da tambaya, ka zo da bayanin kowane kwas da ka yi a gida, duk abin da aka faɗa maka da baki ka ce a turo maka a imel, kuma duk maganar da ta shafi biza ka ƙara tabbatarwa a ofishin ɗaliban ƙasashen waje ko da waye ya faɗa maka. Ni nawa layin na gaba sai ranar Talata ta sama, tun sati uku da suka wuce na kama shi, na ajiye mata ɗan dabino da turaren wuta da Hajiya ta aiko, ban dai sani ba ko na'urar hayaƙin ofishin za ta bar ta ta kunna.