Talabijin ta Bango: Sabuwa ko 'Yar Beljiyam?

Magidancin da ya shiga kasuwar Sabon Gari da kuɗi ƙalilan yana neman talabijin ta bango yakan tarar da zaɓi biyu: sabuwa mai inci 32 daga kamfanoni irin su Hisense, ko kuma ta hannu, wadda ake kira 'yar Beljiyam, da za ta iya kai inci 43 a kan kuɗin da bai wuce na farkon da yawa ba.

Sabuwar tana zuwa a kwalinta da rimot da takardar garanti, kuma fitilun LED da ke bayan gilashinta ba su cin wuta sosai, abin da ke da muhimmanci ga gidan da ya dogara da sola. Sai dai yawancin masu inci 32 hotonsu bai wuce ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye ba, alhali yawan ɗigon ne ke sa hoto ya fito sarai.

'Yar Beljiyam ta fi girma, galibi hotonta 1920 da 1080 ne, amma babu wanda ya san shekarun da ta yi tana aiki. Wajibi ne a kunna ta a shagon, a sa farin hoto domin a ga ko akwai tabo ko layi, sannan a gwada kowace kafar HDMI, wato inda ake jona wayar dikoda, da dikodar, domin idan gilashin ya lalace, gyaransa yakan kusa kuɗin sayen wata talabijin.

Ni dai na fi karkata ga sabuwar, musamman ga falo ƙarami. Kowacce aka ɗauka, a haɗa ta da sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta, a kuma kafe ta nesa da taga domin ƙurar hunturu.