Sharhi kan kwas ɗin koyon zanen fili da ido: inda ya ƙware da inda ya gaza

Kwas ne na bidiyo da ake bi ta intanet, kuma abu ɗaya yake koyarwa: mutum ya ɗauki fensir da takarda ya fita waje, ya zauna gaban tudu ko kogi ko gona, ya zana abin da idonsa ke gani kai tsaye ba tare da taimakon hoto ba. Na bi shi har ƙarshe, na yi ayyukan da malamar ta bayar, kuma a ganina ya cancanci lokacin da na ba shi. Yana da rauni, kuma zan faɗe shi, amma sai bayan na ba shi haƙƙinsa.

Batun kayan aiki malamar ba ta ja shi da tsawo ba, kuma na ji daɗin haka. Littafin zane mai girman A5 da bango mai tauri, don a iya ɗora shi a gwiwa, fensir uku (HB, 2B da 6B), abin gogewa da abin fiƙe fensir, shi ke nan. Ta yi bayanin haruffan a taƙaice: bakin fensir haɗi ne na girafayit (baƙin ma'adinin da ke barin alama a takarda) da yumɓu, dabarar da Bafaranshe Nicolas-Jacques Conté ya yi wa rajista a 1795. Idan yumɓu ya yi yawa fensir ya yi tauri ya ba da layi mai haske, shi ne dangin H. Idan ya yi kaɗan sai ya yi laushi da baƙi, shi ne dangin B. Ta kuma ce a guji takardar buga rubutu ta yau da kullum, mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita, domin tana murɗewa kuma tana saurin yagewa idan aka yawaita gogewa. Na koma takarda mai kauri kamar yadda ta ce, kuma hannuna ya ji bambancin tun shafin farko.

Darasin farko na gaske shi ne na taga. Ana yanke rami mai kusurwa huɗu a jikin kwali, siffarsa daidai da ta shafin da za a yi zane a kai, a ɗaga shi a leƙa. Babbar wahalar mai zanen fili ita ce fili ba shi da iyaka: ka duba dama akwai abu, ka duba hagu akwai abu, kuma kowanne yana kiranka. Kwalin nan shi ke tilasta maka ka zaɓa. Tunanin ma tsoho ne, tun a 1435 Leon Battista Alberti na Italiya ya kwatanta zane da buɗaɗɗiyar taga da ake hango duniya ta cikinta. Abin da ya burge ni shi ne malamar ta hana a fara babban zane kafin a yi ƙananan gwaji uku ko huɗu, kowanne bai fi tafin hannu ba, a cikin 'yan mintuna. A nan mutum yake gane cewa wurin da ya fi kyau a ido ba lallai ne ya fi kyau a takarda ba.

Daga nan sai awo. Ka miƙe hannu sosai har gwiwar hannu ta daina lanƙwasa, ka rufe ido ɗaya, ka daidaita kan fensir da saman bishiya, ka sa babban yatsa daidai gindinta. Wannan tsayin ya zama ma'auninka: sau nawa ya shiga faɗin tudun, sau nawa ya shiga nisan da ke tsakanin bishiyar da gidan can. Haka kuma gangaren tudu, ka karkata fensir ya bi shi, ka sauko da hannun kan takarda ba tare da ka canza karkatar ba. Malamar ta nanata cewa masu koyo kusan kullum suna ƙara wa tsaunuka tsayi da tsini fiye da yadda suke, saboda girman da zuciya ke ba su, kuma fensir ne ke gyara wannan. Ta haɗa da layin tsayin ido, wato inda sama ke haɗuwa da ƙasa idan fili shimfiɗaɗɗe ne. Ga mutumin da yake tsaye wannan layi yana nisan kimanin kilomita 5, kuma idan ya zauna layin ya sauko tare da shi. Shi ake fara ja a takarda, kowane abu kuma a auna shi da shi.

Amma sashen da ya sa nake yaba kwas ɗin shi ne na haske da duhu. Kafin shi, zanen fili a wurina layi ne: gefen tudu, gefen bishiya, gefen hanya. Malamar ta ce a ƙanƙance idanu har ganye da ciyawa da duwatsu su narke su zama faci-faci, sannan a raba duk abin da ake gani gida uku kawai: mai haske, matsakaici, mai duhu. Ba a yarda da na huɗu ba. Da farko abin yana da takura, domin ido yana ganin mataki goma yana son ya nuna su duka. Sai dai da zarar an yi biyayya, zanen da bai ɗauki minti goma ba yakan fito da zurfin da zanen awa biyu na layi zalla ba ya da shi. Yawanci sama ita ce mafi haske, ƙasa shimfiɗaɗɗiya na biye da ita tunda tana fuskantar sama, gangaren tudu ya fi ta duhu, bishiyoyi da sauran abubuwan da ke tsaye su ne mafi duhu, kuma waɗannan huɗun ne za a raba cikin gida ukun. Ta ce wannan tsari mafari ne kawai, rana na iya juya shi, don haka a duba kafin a yarda.

A nan ne ta kawo bayanin nisa, kuma ta yi shi da kyau ƙwarai. Tsakaninka da tudun da ke nesa akwai iska mai yawa, cike da ƙura da tururin ruwa, kuma tana warwatsa haske. Shi ya sa tudun ke dusashewa, inuwarsa ta yi haske, gefensa ya yi laushi, launinsa ya karkata zuwa shuɗi. Mai zanen nan na Italiya Leonardo da Vinci ya yi rubutu kan wannan tun ƙarni biyar da suka wuce. Ga mai fensir ma'anarsa a sarari take: HB da hannu mara nauyi ga abin da ke nesa, 2B a tsakiya, 6B kuma a ajiye shi sai an zo gaba-gaba. Inuwa mafi duhu a tudun nesa bai kamata ta kai duhun inuwar dutsen da ke gabanka ba. Tun da na ji wannan, ko ina tafiya ba da littafi ba, idona na jera tuddai daga mai duhu zuwa mai haske.

Ta amsa tambayar da kowa ke yi, me ya sa ba za a ɗauki hoto da waya a zana a ɗaki ba. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana ɗaukar fili da faɗi, sai ta ƙanƙantar da abin da ke nesa ta kumbura na kusa, kuma sau da yawa takan cinye abin da ke cikin inuwa ko ta wanke sama. A waje kuwa akwai wata matsalar: rana tana matsawa kimanin digiri 15 a kowace awa, don haka inuwar da ka fara da ita ba ita za ka gama da ita ba. Maganinta shi ne a sa alamar inuwoyi tun farko a tsaya a kansu, a kuma rubuta lokaci da ɓangaren da haske ke fitowa a gefen shafi. Ta ba da misalin mai zane John Constable na Ingila, wanda a 1821 da 1822 ya yi ta zanen gajimare a Hampstead da ke London yana rubuta kwanan wata da lokaci da inda iska ke kaɗawa a bayan takardun.

To, sai raunin. Mafi girma shi ne yadda aka ɗauki bidiyon. Kusan kullum kyamara na kan takardar malamar, filin da take zanawa kuwa sai a nuna shi na 'yan daƙiƙu a farko a ɗauke. A kwas ɗin da gaba ɗayansa kan kallo yake, wannan babban giɓi ne. Abin da ɗalibi ke buƙatar gani shi ne abin da ta bari: bishiyoyi nawa ta haɗe suka zama dunƙule ɗaya, wane turke ta tsallake, wane gida ta matsar. Da an raba allon biyu, fili a gefe takarda a gefe, da darajar kwas ɗin ta ninka. Na sha tsayar da bidiyo ina komawa baya don in sake ganin filin, kuma hakan na yanke wa mutum zaren bayani.

Na biyu, darasin bishiyoyi ya yi gajarta. Ta ce a ɗauki bishiya a matsayin dunƙule mai gefen haske da gefen inuwa, a bar 'yan ramuka da ake hango sama ta cikinsu, kuma gaskiya ne. Amma misalanta duk bishiyoyi ne masu cikakken ganye da kai zagayayye. Mai siririn ganye, mai faɗin kai, da wadda ta zubar da ganye ta bar rassa tsirara, kowacce tana buƙatar motsin hannu dabam, kuma ba ta taɓo su ba. Ruwa ma haka, darasi ɗaya ne kan tafki mai kwanciya, babu komai kan ruwa mai gudu. Sannan babu mai duba aikinka. Ka yi zane, kai ne alƙalin kanka, sai dai jerin tambayoyin da ta bayar na duba aiki, waɗanda suka taimaka amma ba su kai idon malami ba.

Wanda bai taɓa riƙe fensir don zane ba zai iya binsa, domin ba a buƙatar wata ƙwarewa kafin a fara. Wanda ya saba kwafar hotuna shi ne zai fi amfana, ko da yake zanensa na farko a waje zai yi ƙasa da abin da ya saba fitarwa a ɗaki, kuma malamar ta faɗi haka tun farko don kada gwiwa ta yi sanyi. Mai neman launi, na ruwa ko na mai, ya nemi wani wurin, nan fensir ne daga farko har ƙarshe. Shawarata ga mai shiga ita ce kada ya kalli darussan a jere kamar fim: ya kalli ɗaya, ya fita ya yi aikinsa, sannan ya buɗe na gaba, kuma darasin gida uku na haske da duhu ya maimaita shi a wurare dabam-dabam kafin ya wuce.