Saitin gwal marar dutse mai lamba 21 ko mai duwatsu na 18: wanne za a ɗauka?

Assalamu alaikum. 'Yar uwarmu da ta kwashi adashe ta ce mai gwal ya nuna mata saiti biyu, kuɗinsu ya kusa zuwa ɗaya. Na farko na Saudiyya ne mai lamba 21, babu dutse ko ɗaya a jikinsa. Na biyu na Italiya mai lamba 18, an jera masa ƙananan fararen duwatsu da wani shuɗi a tsakiyar sarƙar. Na biyun ne ya shiga ranta, amma tana son abin da zai zama kadara, wanda ranar da buƙata ta taso za ta ɗaga ta sayar.

Ƙanwata, tunda kin ambaci kadara, mai 21 zan ce ki ɗauka. Amma ba zan kushe na biyun ba, domin shi ma yana da inda ya fi, sai dai ki san abin da kike biya.

Mu fara da lambar. Gwal tsantsa shi ne 24, kuma yana da taushi ƙwarai, shi ya sa maƙera ke gauraya shi da azurfa da jan ƙarfe don ya yi ƙwari. Mai 21 yana nufin kashi 21 cikin 24 gwal ne, za ki ga an buga 875 a maƙalar sarƙar ko cikin zoben. Mai 18 kashi uku cikin huɗu ne, hatiminsa 750. Mai 22 da Indiyawa suka fi so, 916. Wannan lambar da nauyin da sikeli ya nuna su ne kuɗinki. Sunan ƙasa kuwa, na Saudiyya ne, na Dubai ne, na Italiya ne, salon ƙira yake gaya miki. Giram ɗaya na 875 daga Jidda da giram ɗaya na 875 daga kasuwar gwal ta Deira a Dubai, gwal ɗin da ke cikinsu daidai yake.

Yanzu ga inda mata da yawa ke yin asara ba su sani ba. Ranar saye, yawancin masu shago saitin gaba ɗaya suke ɗorawa a sikeli, har da duwatsun, su yi miki lissafi da farashin gwal. Ranar da kika koma sayarwa, a Kasuwar Rimi ne a Kano ko Wuse a Abuja, mai saye zai ce a cire nauyin dutse, shi gwal yake saye. Ɗauki misali: saiti biyu, kowanne giram 20. Mai 21 marar dutse yana ɗauke da gwal tsantsa giram 17.5. Mai 18, in duwatsunsa sun kai giram 3, saura giram 17, kashi uku cikin huɗunsa kuma giram 12.75 ne. Kin ga tazarar ta kusa giram 5 na gwal tsantsa, alhali a hannu nauyinsu ɗaya. Ki ƙara da kuɗin aiki, wanda a kayan Italiya da duk abin da aka dasa wa duwatsu ya fi yawa, kuma ba ya dawowa ranar sayarwa. Na mai 21 ma ba ya dawowa, sai dai ciwon bai kai ba.

Inda mai 18 ya yi zarra shi ne ƙwari. Saboda gaurayensa ya fi yawa, ba ya saurin lotsewa ko karcewa, kuma 'yan faratan nan da ke riƙe dutse ba sa buɗewa da wuri. Dalilin ke nan da masu dasa daimon suka fi son 18. Awarwaro mai 21, musamman wanda cikinsa ba komai, in kina daka ko wanki da shi zai lanƙwashe. Italiyawa kuma gwanaye ne a aiki mai laushi. Garuruwan Arezzo da Vicenza da Valenza sun yi suna a ƙirar gwal, kuma kayansu na asali bayan 750 za ki ga ɗan tauraro da lambar maƙerin da harufa biyu na lardinsa, kamar AR ko VI. A launi kuwa, mai 21 ya fi ja, shi ne irin wanda iyayenmu ke gani daga nesa su ce wannan gwal ne. Mai 18 ya fi haske, wasu ma an rufe su da farin ruwa wanda yake gogewa da daɗewa sai an sake.

Sai duwatsun, kuma nan nake so ki natsu, don ina son dutse ƙwarai, ina jin takaicin yadda ake sayar mana da shi a dunƙule ba bayani. Fararen nan da ke walƙiya a galibin saitin da ke kasuwa ba daimon ba ne. Wani dutse ne da ake haɗawa a masana'anta, masu shago na ce masa zarkon ko CZ. Yana da kyau yana sabo, amma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ya fi daimon nauyi sosai, wato a sikeli ma ya fi cin kuɗinki. Akwai ma'aunin ƙwarin duwatsu daga 1 zuwa 10: daimon 10, yakutu ja da shuɗi 9, CZ 8 da ɗoriya, aƙiƙ kusan 7, gilashi tsakanin 5 da 6, murjani da lu'ulu'un cikin teku ƙasa da haka sosai. Ƙurar da ke sauka mana da hunturu tana ɗauke da ɓurɓushin yashi mai ƙwarin 7. Don haka duk abin da bai kai 7 ba, goge shi da bakin zane kawai yana karce shi a hankali har ya dushe. In duwatsun saitin gilashi ne, bayan 'yan shekaru za ki ga hasken ya mutu.

Shuɗin da ke tsakiya fa? Zai iya zama gilashi, zai iya zama yakutun masana'anta, zai iya zama na ƙasa. Tun 1902 wani Bafaranshe mai suna Verneuil ya bayyana hanyar haɗa yakutu da wuta, kuma har yau ana yin sa da arha. A sinadari da ƙwari daidai yake da na ƙasa, a farashi kuwa ko kusa. Ki roƙi mai shagon ya ba ki ɗan madubin da suke dubawa da shi. In kin ga ƙananan kumfa zagayayyu a ciki, ko gefunan sun yi dakushi, ko an manna shi da gam an shafa masa wani abu mai sheƙi a baya, galibi gilashi ne. Dutse babba, launinsa ya cika, cikinsa tas ba ɗigon komai, kuma ba a caje ki kuɗinsa daban ba, wannan ba na ƙasa ba ne. Na ƙasa kusan kullum yana da 'yan tabo ko zare-zare a ciki, zumurrudu ma ya fi kowa. Kuma wanda yake da yakutu na gaske ba zai haɗa shi da gwal ya auna ba. Zai gaya miki nauyinsa shi kaɗai, da karat na dutse wanda biyar ɗinsa ke yin giram ɗaya, ya kuma kawo takardar wurin gwaji irin GIA ko IGI.

Abin da ke ba ni haushi shi ne muna da waɗannan duwatsu a ƙasarmu. Ana haƙo shuɗin yakutu a tsaunin Mambila na jihar Taraba da kudancin Kaduna, ana samun zumurrudu da akwamarin, wani dutse mai launin ruwan teku, a yankin Nasarawa Eggon, dillalai na hada-hadarsu a Jos. Ɗanye ake kwashe mafi yawansu zuwa Bankok ta ƙasar Tailan da wasu wurare a yanka a goge, mu kuma mu sayi gilashi a jikin gwal. Wadda ranta ke son dutse da gaske, ta sayi guda ɗaya mai kyau a hannun wanda ya san shi, ta kai wa maƙeri ya dasa mata a zobe mai 18. Amma ta sani sayar da shi ba kamar gwal ba ne. Gwal kina shiga kasuwa da safe, kafin azahar kuɗi na hannunki. Dutse sai an sami mai so, kuma shi zai yanka farashi.

Akwai maganar zakka da kalmar kadara ta jawo. A mazhabar Malikiyya, kayan adon da mace ke sawa ba a fitar musu da zakka, amma wanda aka saya aka adana don wata rana ko don kasuwanci, in ya kai nisabi, wato kimanin giram 85 na gwal tsantsa, kuma shekara ta zagayo, ana fitar da ɗaya bisa arba'in. Saiti ɗaya da wuya ya kai, amma in kina tarawa ki zauna da malami ki yi lissafi.

In duk da haka zuciyarki na kan mai duwatsun, don fitar biki da jin daɗinki, ki saya, halalinki ne. Sai dai ki sa mai shagon ya rubuta a rasit nauyin gwal daban, na dutse daban, da lambar, da kuɗin aiki, ki kuma tambaye shi nawa zai karɓa in kin dawo da shi gobe. Kowanne kika zaɓa, a auna a gabanki, a goga a dutsen gwaji a ɗiga asid ko a sa a na'ura. Kada ki dogara da mayen ƙarfe kaɗai, don tagulla ma ba ya kama ta, kuma hatimin 875 ko 750 ana buga shi a jikin jabu. Turare da humra ki fara shafawa su bushe kafin ki sa sarƙar, sannan ki ajiye kowane abu a 'yar jakarsa, domin dutsen saiti ɗaya yana karce gwal ɗin ɗan uwansa.