Rauta mai sim, Starlink ko fayiba: wanne zai riƙe shagonka?

Duk mai shagon kwamfuta da ke cike wa mutane fom ɗin makaranta ko na neman aiki ya san abin da ke kashe masa kasuwa: shafi ya tsaya yana ta juyawa, layi ya kai bakin ƙofa, ana ta "Malam, har yanzu?" Kafin ka zuba kuɗi a intanet, fara duba inda shagon yake da irin wutar da kake samu.

Mafi sauƙin saye ita ce rauta mai sim, wato na'urar da ake sa wa sim ta raba intanet ga kwamfutocin shago. MTN ya kunna 5G a 2022, Kano na cikin biranen farko, Airtel ya biyo baya a 2023. Sai dai 5G ba ta game gari ba. Wata unguwar akwai, ka tsallaka titi babu. Idan turken sabis ya yi nisa, na'urar za ta koma 4G ba sallama, ka biya kuɗin doki ka hau jaki. Ari ta maƙwabci ka gwada a cikin shagon, kuma da yamma lokacin da kowa ya hau intanet, don gwajin asuba yaudara ne. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kuɗin datar wata ya zama abin zama da biro a lissafa.

Starlink, intanet ɗin da ke zuwa ta tauraron ɗan adam, ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kafin kowace ƙasa a Afirka. Shi ba ruwansa da turke, sararin sama kawai farantinsa mai kamo sabis yake so, ba bishiya ba inuwar bene. Ga mai shago a garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ni dai ban ga na biyunsa ba. Amma kuɗin kayan da na wata ba na yaro ba ne, kuma yana shan wuta fiye da rauta nesa ba kusa ba. In solarka ƙarama ce, sa shi a lissafi tukuna. Ruwan damina mai ƙarfi ma yakan ɗan katse shi.

Fayiba, wato intanet ɗin da ake jawowa ta wayar kebul, ta fi su natsuwa, in ta iso layinku. Abokan gabarta masu aikin titi ne. Na taɓa yin kwana uku ba aiki saboda katafila ta tsinke waya wajen haƙa kwalbati. Tun daga ranar nake ajiye ƙaramar MiFi, wato rautar aljihu mai sim da batir, ta wani kamfani daban a aljihun tebur, da caji a jikinta.