Kayan awon GNPTAB: abin da na gani bayan na yi aiki da su a Maraɗi

Kwalin kayan awon ya iso mana daga Yamai a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi yake wuce digiri 40, kuma ƙanƙarar da aka rufe shi da ita ta fara narkewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kayan awon ELISA (hanyar auna yawan wani sinadari a samfuri ta sauyin launi) irin waɗannan ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8, saboda haka duk wanda firijinsa ya dogara ga wutar gari kaɗai ya yi tunani kafin ya kashe kuɗinsa.

Abin da ake aunawa shi ne sinadarin da ƙwayar gado ta GNPTAB take samarwa, wanda yake aiki a sashen Golgi na ƙwayar halitta. Aikinsa shi ne fara liƙa tambarin mannose-6-phosphate a kan sinadaran narkarwa, domin a kai su lisosom, wato rumbun da ake narkar da tarkace. Idan tambarin ya ɓace, sai sinadaran su kwarara cikin jini, kuma hakan ne yake haddasa cutar mucolipidosis ta biyu, wata cutar gado ta yara wadda aka fara bayyanawa a 1967. A 2010 ma an danganta wasu sauye-sauye na wannan ƙwayar gado da in'ina.

Aikin awon kansa bai ba ni wahala ba. Farantin awon yana da ramuka 96, ruwan ya yi shuɗi sannan ya koma rawaya yadda ya kamata, kuma na'urarmu ta karanta shi da haske mai tsawon zango nanomita 450. Sai dai bayan an ware ramuka 16 na ma'auni, samfuri 40 kawai ake iya aunawa sau bibbiyu.

Inda nake da ja shi ne yadda ɗan kasuwar da ya kawo mana kayan ya tallata su kamar na gano cuta. Yawan sinadarin suke nunawa, ba ingancin aikinsa ba, alhali yaro zai iya samun sinadarin a jikinsa amma sinadarin ya kasance ba ya aiki. Ƙari ga haka, a manne yake cikin ƙwayar halitta, shi ya sa ruwan jini ya ba mu sakamako mai rauni ƙwarai. Ɗalibin da yake bincike a kan ƙwayoyin halitta da aka farfasa zai amfana da su, amma likitan yara ya nemi awon sinadaran lisosom a jini da gwajin ƙwayar gado.