Azurfar Daular Usmaniyya ta Turkiyya da tombak: ina bambancin?

Hajiya, kin ce kin ga hotunan butoci biyu na zamanin sarakunan Istanbul, ɗaya fara ɗaya ruwan zinariya, kina tambaya ko duk azurfa ce aka yi wa ɗaya rini. A'a, ƙarfensu ma ba ɗaya ba ne.

Farar ita ce azurfa, kuma tana da shaida a jikinta. A wancan zamanin, idan maƙeri ya gama aiki, sai a kai wa masu awo na hukuma, su kankari ɗan kaɗan don gwada tsarkinta. Shi ya sa za ki ga wani ɗan zane mai lanƙwashe-lanƙwashe a gindin buta ko faranti. In ta ci jarrabawa sai a buga mata tugra, wato hatimin sunan sarkin da ke kan gado. Da wannan hatimi ake gane zamanin kaya, ko na Sarki Sulaiman ne da ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566, ko na wani bayansa. Ita kanta azurfar, a lokacin da yawanta daga ma'adinan yankin Balkan na kudu maso gabashin Turai take zuwa, irin su Novo Brdo da Srebrenica. Adonta kuwa, wani da guduma ake tura shi daga ciki ya taso, wani a sassaƙa da kurfi, wani a cike zanen da baƙin haɗin da suke kira savat, aikin da garin Van na gabashin Turkiyya ya yi suna da shi.

Mai ruwan zinariyar ita ce tombak. Jan ƙarfe ne. Ana kwaɓa zinariya da zaiba, a shafe jikin kayan, a gasa a wuta har zaibar ta tashi ta bar zinariyar manne. Hayaƙin nan guba ne, kuma ni duk lokacin da na ga tombak sai na tuna da ƙirjin wanda ya tsaya a kan wutar. An yi butar wanke hannu da daronta, da kaskon turare, da kwalbar yayyafa ruwan wardi, har da kwalkwalin yaƙi, kuma ya yi tashe ƙwarai a ƙarni na 18.

Tsohuwar azurfa ta yi ƙaranci, domin duk sanda baitulmali ya bushe lokacin yaƙi, narka ta ake yi a buga kuɗi. Jan ƙarfe bai kai a yi masa wannan wahalar ba, sai ya tsira. Ga kuma hadisin da ya hana ci da sha a kwanon zinariya da azurfa, wanda ya sa wasu manya suka fi sakewa da tangaran na Sin a wajen cin abinci.

In saye za ki yi, azurfa ta fi sauƙin tantancewa, ko da yake hatimin ma ana yin jabunsa. Amma ni zuciyata tana wajen tombak, musamman wanda zinariyarsa ta goge a mariƙi, jan ƙarfen ya leƙo daidai inda hannaye suka yi shekaru suna kamawa.